Darasi: Yadda Ake Gyara Makullin Da Ya Cije

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Hamadar Sahara. Direbobi da 'yan acaɓa masu bin hanyoyin ƙauyukan Kankiya da Kusada sun san halinta. Tana shiga ko'ina, har cikin ramin makullin mota, da na babur, da kwaɗon shago. Wata rana sai a wayi gari makulli ya ƙi juyawa. Idan da dare ne, kuma ga mai naƙuda za a kai Babban Asibitin Kankiya, abin ba wasa ba ne.

Me ke cikin ramin makulli?

A cikin kwaɗo akwai 'yan ƙananan ƙusoshi, sau da yawa huɗu ko biyar. Kowace tana da ɗan sifirin mai danna ta. Haƙoran makulli su ke ɗaga su zuwa daidai, sannan ya juya. Wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami shi ya kyautata wannan dabara a shekarar 1861. A makullin mota 'yan fallayen ƙarfe ne a madadin ƙusoshi, amma aikin ɗaya ne. Idan ƙura ko tsatsa ta riƙe ko da guda ɗaya, makulli ba zai juya ba.

Abin da ba a yi

Ba a zuba man gyaɗa, ko manja, ko baƙin mai. Ranar farko makulli zai yi laushi. Bayan 'yan kwanaki man zai kama ƙura ya zama danƙo, ciwon ya fi na da. Ba a murɗa makulli da filaya, don ƙarfensa ba shi da ƙwari, yana iya karyewa a ciki. Ba a zuba fetur ko kananzir a ramin tayar da mota, saboda akwai wayoyin wuta a bayansa.

Abin da ake yi

1. A fara da juya sitiyari dama da hagu a hankali, ana murɗa makulli. Sau da yawa sitiyari ne ya kulle, ba datti ba.
2. A wanke makullin da ɗan kananzir da tsohon buroshin haƙori. A goge shi da tsumma ya bushe sarai.
3. A hura ramin da famfon keke don ƙura ta fita.
4. A goga bakin fensir a haƙoran makullin har su yi baƙi. Baƙin abin da ke cikin fensir yana da santsi, kuma ba ya kama ƙura.
5. A sa makullin a cire kamar sau goma, sannan a juya a hankali. A ramin tayar da mota kaɗan ake sawa, kada ya taru.

Idan tsatsa ce ta kama kwaɗo ko ƙofa bayan damina, akwai man feshi da ake sayarwa a shagunan kayan gyaran mota. A fesa kaɗan, a jira, a goge abin da ya fito. Sai ya bushe ake sa fensir.

Idan duk an yi haka bai juya ba, a duba haƙoran. In sun cinye, a gwada makulli na biyu. A yanko sabo daga wanda bai cinye ba. Idan makulli ya karye a ciki, kada a tsokale shi da waya, a kira makaniki.

Rigakafi ya fi magani

Kada a rataya tarin makullai a jikin na mota, nauyinsu yana cinye ramin. A rufe kwaɗon waje da guntun tsohuwar roba saboda ruwa. A goga fensir sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a zuba man gyaɗa a kwaɗo?
2. Mene ne amfanin fensir ga makulli?
3. Me za a fara yi idan makullin mota ya ƙi juyawa?