Filin Shawarwari: Mai Gida Ya Ce In Sare Itatuwan Gidan Haya

 

Ni mutumin Magarya ne, aikin koyarwa ya zaunar da ni a cikin garin Wurno. Ina haya a wani gida mai sassa takwas, tsakar gida ɗaya muke tarayya a kanta. Mai gidan wani Alhaji ne ɗan kasuwa da ke zaune a Sakkwato. Da yake na fi kowa daɗewa, ni ya wakilta ina karɓar kuɗin haya, ina kuma kula da gyare-gyare.

Itatuwa huɗu ne a gidan. Uku dogonyaro ne da Alhaji ya dasa lokacin da ya yi ginin, biyu a ciki, ɗaya a ƙofar gida bakin titi. Ta huɗun tsamiya ce wadda mutum biyu ba sa iya rungume ta. Ita ginin ne ya tarar da ita, tun filin yana gona. Har yau akwai wata tsohuwa daga gidan da suka sayar da filin, tana zuwa da jikokinta duk shekara su kaɗe 'ya'yan, ta ɗibar mana kaɗan ta tafi da saura. Ba wanda ya taɓa hana ta.

To, a farkon daminar bana iska ta karya reshen dogonyaro ɗaya, ya faɗa kan kwanon wani sashe ya lotsa shi. Allah ya kiyaye, ba kowa a ɗakin. Maginin da ya zo gyaran ramin masai kuma ya nuna mini saiwoyi cunkushe a ciki, ga katangar gabas ta tsage. Da na gaya wa Alhaji sai ya ce in nemo masu injin yanka a kwantar da duka huɗun a huta, dama yana son fitar da shaguna biyu a inda tsamiyar take. Wani mai sayar da icce har ya zo ya yi tayi, ya ce shi zai sare, ya kwashe, ya kuma biya.

Yanzu gida ya rabu biyu. Mata sun ce a ƙarƙashin tsamiyar suke wuni da bazara, nan suke daka, nan yara ke karatun allo. Wanda reshe ya faɗa wa ɗaki ya ce ransa ya fi inuwa. Wani maƙwabci ya ja mini kunne cewa malaman daji za su kama ni. Alhaji kuwa ya ce gidansa ne, da kuɗinsa ya saya, ba wanda zai ba shi izini a kan abinsa.

Malam, da gaske ne sai da izini mutum zai sare icce a cikin gidansa? In an sare ba izini, wa za a kama, ni ko Alhaji? Ba na son saɓa masa, don mutumin kirki ne, ya sha ɗaga mini ƙafa a kan kuɗin haya. Amma raina bai kwanta da zancen tsamiyar nan ba.

Naka,
Wani malamin makaranta, Wurno

AMSA

 Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin inji ya shiga gida. Kada ka bari a taɓa ko ɗaya daga cikin itatuwan nan, kada kuma ka karɓi ko sisi daga hannun mai iccen, sai takardar izini ta zo hannunka.

Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba. A Najeriya harkar gandun daji a hannun jihohi take, kuma dokokin da jihohin Arewa ke aiki da su sun samo tushe daga dokar daji ta Turawa ta 1937, wadda ta shiga kundin dokokin Jihar Arewa na 1963, jihohin da aka ƙirƙiro daga baya suka gaje ta. Dokar tana da hannu biyu. Ɗaya shi ne dazuzzukan da aka killace, irin Gundumi da ke gabas da ku, kowa ya san wannan. Ɗayan, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne itatuwan da aka ware da sunayensu aka ce ba a sare su sai da izini, ko da ba a cikin gandun gwamnati suke ba. Itatuwan amfani irin su tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, kuka, gawo, giginya da maɗaci su ne malaman daji suka fi sa wa ido. Bayan wannan, hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin yaƙi da kwararowar hamada a 2011, waɗanda suka hana sare itace ba tare da izini ba. Sakkwato kuwa tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, inda ake aikin Babbar Koriyar Ganuwa.

Maganar Alhaji cewa gidansa ne tana da gaskiya, amma ba ta kai inda yake son kai ta ba. Tun daga dokar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani. Shi ya sa shagunan da yake son fitarwa su ma sai hukumar tsara gari ta amince. Game da wanda za a kama, wanda aka tarar tsaye a kan aikin shi ake fara tambaya, kuma Alhaji yana Sakkwato, kai kake Wurno. Cewa aiko ka aka yi ba za ta wanke ka ba. Don haka takardar neman izini ta fito da sunan Alhaji da sa hannunsa, kai ka zama mai kai ta kawai.

Kuskuren da aka yi tun farko shi ne haɗa itatuwan huɗu a hukunci ɗaya, alhali kowanne da matsayinsa.

Dogonyaron da ke bakin titi, a fara duba taswirar filin. Sau da yawa itacen ƙofar gida yana tsaye ne a kan haƙƙin hanya, wato wajen iyakar fuloti. In haka ne, ko da Alhaji ya dasa shi, ƙaramar hukuma tana da magana a kansa. In wayar lantarki ta ratsa ta cikin rassansa, ma'aikatan wuta ake kira, kada a hau da yaro da adda.

Biyun da ke cikin gida su ne nake zargi da ɓarnar. Dogonyaro yana girma da sauri, saiwarsa tana yaɗuwa nesa tana bin danshi, kuma ramin masai da ya fara yoyo shi ne wurin da take nufa. Yawanci saiwa ba ta fasa siminti mai lafiya, tsagar da ta tarar take shiga ta faɗaɗa. Ka sa maginin ya tona gefen ramin da gindin katangar a gabanka, a bi saiwar a ga daga wane itace ta taho. Sannan ka dubi wanda reshensa ya karye da kyau. Ka ƙwanƙwasa gindinsa da ƙotar gatari ka ji ko yana amsawa kamar mai kogo. Ka duba ko gara ta yi hanya a jikinsa, ko ƙasa ta ɗaga ta tsattsage a gefe ɗaya na gindin, ko ya fara karkata kwanan nan. In akwai waɗannan alamu, mutumin da ya ce ransa ya fi inuwa ya fi kowa gaskiya, a nemi izini a sare shi. In babu, sassabe ya isa. Dogonyaro yana jure a rage masa kai sosai, ya sake tofowa. A yi aikin da rani, kafin iskar farkon damina. Don tare saiwa kuwa, a haƙa rami mai zurfin kamar mita 1 tsakanin itacen da ginin, kusa da ginin, a yanke saiwoyin da suka ratsa, a zuba kankare. Kada a yanke manyan saiwoyi dab da gindi, don wannan shi ke sa itace mai lafiya ya faɗi a iska ta gaba.

Tsamiya kuwa, a duk wasiƙarka ban ga laifin da ta yi ba. Ba reshenta ne ya faɗi ba, ba ka ce saiwarta aka gani a masai ba. Wurin shago take tsaye, shi ke nan. Kuma zuwan tsohuwar nan yana da ma'ana. A al'adar ƙasar Hausa ana iya sayar da gona a bar itacen amfani a hannun masu asalin wurin, sai in an ambace shi a cikin ciniki. Ka roƙi Alhaji ya duba takardar sayen filin, a tambayi mai unguwa da shaidun da suka rage. In ya tabbata an bar wa gidan su tsohuwa cin 'ya'yan, to sare ta ba da yardarsu ba cin haƙƙi ne, kuma suna iya kai ƙara gaban hakimi ko alƙali.

Malamanmu na fiƙihu ma ba su bar wannan babi ba. A cikin Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, wadda alƙalan kotunan shari'a ke komawa gare ta, akwai fasali a kan cutarwar itatuwa. Ya bambanta itacen da ya tarar da katanga da wanda katanga ta tarar. Na farko, ana yanke abin da ke cutar da katangar. Na biyu an yi saɓani a kansa, kuma maganar da ta fi shahara ita ce a bar shi. Hukuncin a kan maƙwabta biyu yake magana, amma ma'aunin ya dace da gidanku: dogonyaron bayan gini ya zo, tsamiya kuwa ita aka tarar. Ka tuna kuma da gargaɗin da ya zo a hadisin Abu Dawuda a kan mai sare magarya, wanda aka fassara da itacen da matafiya da dabbobi ke shan inuwarsa, a sare shi ba da haƙƙi ba.

Zan ja maka kunne a kan abu ɗaya, don na san shawarar da wasu za su kawo in izini ya yi wuya. Za a ce a kwarzane ɓawon gindin a zagaye, ko a zuba gishiri ko baƙin mai, ko a riƙa tara shara a gindin ana cinna wuta, in ta bushe sai a ce da kanta ta mutu. Malamin daji yana gane wannan da kallo ɗaya. Kuma itacen da aka kashe a tsaye, a tsakiyar gida mai sassa takwas cike da yara, ya fi mai rai haɗari nesa ba kusa ba.

Hanyar izinin ba ta da tsawo. Ka sanar da mai unguwa, sannan ka je sashen gona da albarkatun ƙasa a sakatariyar ƙaramar hukumar Wurno ka nemi jami'in gandun daji. Ka kai masa takardar Alhaji da hotunan kwanon da ya lotse da tsagar katanga. Ka nemi ya zo ya gani da idonsa, ya rubuta wane itace ya yarda a sare, wanne za a sassabe. Duk abin da za ka biya, a ba ka rasit na gwamnati. Izinin baka ba ya kare kowa ranar da wani jami'in ya zo. In an ce a dasa wasu a madadin wanda aka sare, a dasa nesa da masai da katanga, a kuma sa musu kariya daga awaki.

A nan ina da magana da su malaman dajin kansu. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga abin da tsoro ke haifarwa. Lokacin da doka ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, jami'ai suna bin gonaki suna cin tara, manoma sun riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya girma ya jawo musu fitina. Daga tsakiyar shekarun 1980, da aka fara sakar wa manomi mara a yankin Maraɗi ya reni kututturan da ke tofowa a gonarsa ya kuma amfana da su, sai abin ya juya. An ƙiyasta an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin ƙasar. Mutumin da ya zo ofis da ƙafarsa neman izini, a karɓe shi da sauƙi, a je a duba masa da wuri. In aka wahalar da shi, na bayansa da dare zai yi saran.

Tayin mai iccen ma kada ya ruɗe ku. Rashin tsaro ya sa shiga daji ya yi wuya a gabashin Sakkwato, shi ya sa idon masu icce da gawayi ya dawo kan itatuwan cikin gari. Kuɗin da zai bayar na rana ɗaya ne. Tsamiya kuwa tana cikin itatuwa masu jinkirin girma, wadda aka dasa bana ba za ta kai girman wannan ba a rayuwar Alhaji, balle ta ba da irin inuwarta a garin da zafin bazara ke haura digiri 40.

Kada ka yi wannan magana da Alhaji ta waya. Ka shirya ka je Sakkwato ka same shi, in da hali ka tafi da dattijo ɗaya daga cikin 'yan haya. Ka fara da abin da ya dame shi, wato ɓarnar gini da tsoron kada a rasa rai, ka nuna masa ka zo da maganinsu. Sannan ka gaya masa inuwar nan tana cikin abin da ke riƙe masa 'yan haya, kuma magini mai basira zai iya fitar da shago ɗaya a wani gefen, ko ya ja ginin ya kauce wa gindin. Mutumin da ke ɗaga wa ɗan haya ƙafa, ina kyautata zaton zai saurara. In ya dage sai an sare, ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ka ce ya nemi izinin da kansa ya wakilta wani a kan wannan aikin.

Shawarata ke nan, Malam: dogonyaron da ya karye a duba shi, in ya ruɓe a sare da takarda, sauran biyun a sassabe su kafin damina mai zuwa, tsamiya kuma a bar ta. Ka rubuto mana yadda kuka ƙare da Alhaji. Allah ya daidaita tsakaninku, amin.