Malami da Alƙalaminsa: Darasi Daga Gasar 1933

Akwai ɗalibai da dama a kwalejojin ilimi waɗanda ke da burin rubuta littafi, amma sai a tarar littafin bai wuce shafi na uku ba. Uzurin da aka fi bayarwa shi ne rashin lokaci, ko kuwa a ce talifi aikin manya ne. Tarihin ƙagaggun labaran Hausa bai goyi bayan wannan uzuri ba.

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai masu kalmomi kimanin 20,000. A lokacin, masu ilimi suna ganin ƙaga labari tamkar tatsuniya ne, wato abin mata da yara. Duk da haka wasu suka amsa kira, aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abin lura a nan shi ne, Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, shekarunsa 22 kacal, kuma koyarwa yake yi a Makarantar Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malamin aji ne a Bauchi. Ba wanda ya ɗauke musu alli ko duba aikin yara kafin su zauna rubutu.

Me ya taimake su? Da farko, an yanka musu iyaka, an kuma sa musu wa'adi. Buri marar iyaka shi ke kashe gwiwar marubuci, domin wanda ya ce zai rubuta littafi "wata rana" ba shi da abin da zai auna ci gabansa da shi. Idan aka raba kalmomi 20,000 a kan shafi ɗaya mai kalmomi 250 kullum, kwana 80 ke nan, bai ma kai zangon karatu ɗaya ba.

Sai kuma haƙurin karɓar gyara, wanda ya fi wuya. East ya bi rubutun Imam ya nuna masa inda ke bukatar gyara, Imam bai yi zuciya ya jefar da alƙalami ba. A 1936 aka gayyace shi Zariya, cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku, wanda har yau ake nazarinsa a makarantu.

Malamin da bai taɓa ɗanɗana ɗacin jan biro a kan aikinsa ba, da wuya ya san yadda zai gyara insha'in yaro ba tare da ya karya masa zuciya ba.

Aiki

Kowane ɗalibi ya rubuta burinsa a jimla ɗaya, ya faɗi yawan kalmomi da ranar gamawa. Bayan mako biyu ya miƙa shafukan da ya rubuta ga abokin karatunsa domin gyara.