Me Ya Sa Laka Ba Ta Gyara Kanta, Kuma Ina Bincike Ya Kwana?

Matashin da ya faɗo daga babur a hanyar Rurum zuwa Rano ya karya ƙafa, sau da yawa bayan 'yan watanni yakan miƙe. Wanda kuwa ya bugu a wuya ko gadon baya har lakarsa ta ji rauni, ana iya kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a daidaita ƙashin, amma ƙafafu su ƙi motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutane sama da miliyan 15 ke rayuwa da irin wannan rauni.

Laka kamar babbar wayar sadarwa ce

Laka tana cikin ƙashin baya, ɗauke da siraran zaren jijiya masu kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, tamkar wayar intanet da aka binne a ƙasa. Idan ta tsinke, ƙwaƙwalwa na nan lafiya, ƙafa na nan lafiya, sabis ne ya yanke.

Abin mamaki, jijiyar hannu ko ƙafa idan ta tsinke tana sake tsirowa, kusan milimita 1 a rana. Ta cikin laka ce ba ta yi. A 1981, Samuel David da Albert Aguayo a Montreal ta Kanada suka dasa guntun jijiyar ƙafa a lakar ɓera, sai zaren laka ya tsiro ya bi cikinsa. Ashe zaren yana iya tsirowa, wani abu ne a muhallinsa yake hana shi.

Birki biyu a waje, ɗaya a ciki

Ƙwayoyin halitta suna magana da juna ta sinadarai. A laka, akwai saƙonnin da ke cewa zaren ya tsaya.

Na farko shi ne Nogo, furotin da ke cikin rigar da ta lulluɓe jijiya, wanda binciken Martin Schwab a Zurich ya bankaɗo. Idan bakin zaren ya taɓa shi, sai wani makunni mai suna RhoA ya kunnu, bakin ya ƙanƙance.

Na biyu shi ne tabon da ke fitowa a wurin raunin. Yana tsare ɓarna kada ta bazu, amma yana ɗauke da sinadarai masu tare hanya.

Na ukun yana cikin jijiyar kanta. Wani furotin, PTEN, yana danne mTOR, wanda shi ne toturin girma. A 2010, tawagar Zhigang He a Boston ta Amurka ta kashe PTEN a jikin ɓeraye, zaren laka ya tsiro har ya ƙetare raunin. Sai dai PTEN na cikin masu kare jiki daga ciwon daji, don haka cire shi a jikin mutum ba wasa ba ne.

Tsirowa kaɗai ba ta isa ba

A 2023, masu bincike a Lausanne ta Suwizalan da Amurka suka nuna cewa sai zaren ya isa ainihin inda ya saba kai saƙo kafin ɓera ya sake tafiya. A shekarar ce kuma Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch suka bi ta wata hanyar: na'ura a ka tana karanta niyyar tafiya, ta aika wa wata na'urar a laka ba tare da waya ba. Da ita Gert-Jan Oskam, ɗan ƙasar Holan da ya shanye bayan hatsarin keke, ya taka har ya hau matakala.

Abin riƙewa

Zuwa yanzu babu maganin da aka amince da shi mai haɗa lakar da ta tsinke. Duk mai tallan irinsa a TikTok ko Facebook, a yi hattara da shi. Abin da ke hannun mutane shi ne kare zaren da bai tsinke ba. Wanda ya yi hatsari yana kukan wuya ko baya, ko ya daina jin ƙafarsa, kada a ja shi, kada a zaunar da shi, kada a ɗora shi a babur, kada kuma a kai shi a ja masa baya da sunan ɗori. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kira jami'an kiyaye haɗurra a 122. Idan ɗaukarsa ta zama dole, mutane da yawa su ɗaga shi tare bisa faffaɗan katako.