Katin gaisuwa zuwa waje: yaushe kwastan ke da ruwa da shi?

Wani malamin makaranta daga Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe, ya aiko da tambaya. Ƙanensa na karatu a Ingila, yana son aika masa katin gaisuwa, sai aka ce masa dole ya cike fom ɗin kwastan. Yana son sanin ko gaskiya ne.

Malam, kati shi kaɗai ba ya buƙatar fom. Dokokin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a Switzerland a 1874, Najeriya kuma ta shige ta a 1961, sun raba saƙo gida biyu: takarda da kaya. Kati da wasiƙa takarda ne. Ka rubuta adireshi da kyau, sunan ƙasar da manyan baƙaƙe a layin ƙarshe, ka manna kan sarki, shi ke nan. Idan katin tsirara zai tafi ba ambulan, kada ya gaza santimita 9 da 14, kada kuma ya wuce 12 da 23 da rabi.

Inda mutanenmu ke shiga rigima shi ne wajen ƙari. Da wuya Bahaushe ya aika gaisuwa hannu rabbana. Inna za ta ce a saka masa ɗan yaji, yaya ta ƙulle garin kuka a leda, wani ya kawo zobe ko carbi. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga ambulan, saƙon ya tashi daga wasiƙa ya koma kaya, ko da nauyinsa bai kai na ƙwallon goro ba. Haka ma idan ka tara sababbin katuna da ba a rubuta komai a kansu ba ka aika wa mai sha'awar tara su: kaya ne.

A nan fom ke shigowa. CN22 ƙaramar takarda ce da ake mannawa a bayan ƙunshin da bai wuce kilo 2 ba, darajarsa kuma ba ta haura kimanin dala 400 ba. Abin da ya fi haka, CN23 ake cikewa. Tun farkon 2021 ana tura bayanan ta kwamfuta kafin kayan su isa, don haka za a nemi cikakken adireshin mai karɓa da lambar wayarsa. Ka tanade su tun daga gida. Ba daɗi mutum ya taso daga Fakku, ya biyo ta Tambuwal har babban gidan waya na Sakkwato, sannan ya tsaya gaban kanta yana kiran Ingila ba a ɗauka.

Wajen cikewa, Turanci ko Faransanci ake so. Akwai gurbin da za ka nuna cewa kyauta ce, amma wannan bai isa ba. Sai ka faɗi ko mene ne: hular zanna ɗaya, carbin roba biyu, kowanne da nauyinsa da kuɗinsa. Kada ka rubuta cewa ba shi da daraja, kada kuma ka rage kuɗin don gudun haraji. Jami'in da ya ga bayani ya saɓa wa abin da na'ura ta nuna masa, farke ƙunshin zai yi, kuma sa hannunka ne a ƙasan fom ɗin.

Kilishi da dambun nama kuwa, a haƙura. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka ba sa barin nama daga Najeriya ya shigo musu ta gidan waya, komai bushewarsa. Ƙwacewa ake yi a lalata. Irin shuka yana buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai. Idan Saudiyya za a aika, ban da goro. Tsabar kuɗi a cikin kati kuma ganganci ne, in sun ɓace ba wanda zai biya ka.

Haraji ma ya sauya fuska. Tarayyar Turai ta soke sassaucin kayan da ba su kai yuro 22 ba daga 1 ga Yuli, 2021. Amurka ta soke nata na dala 800 daga 29 ga Agusta, 2025, har hukumar gidan waya ta Najeriya, NIPOST, ta sanar a lokacin cewa mai aika ƙunshi can zai biya dala 80 tun daga nan, ban da wasiƙu da takardu. Irin waɗannan ƙa'idoji ba sa zama wuri ɗaya, sai ka tambaya a kanta ranar da za ka aika.

Shawarata, Malam, ka aika katin shi kaɗai. Tsarabar Inna a yi mata ƙunshinta daban, da fom ɗinta, ka adana rasit mai lambar bibiya. Kada ka liƙe bakin ƙunshin sai ma'aikacin ya duba abin da ke ciki.