Interfon ɗinku yana jin mutane, ko ƙara kawai yake yi?

Abin da ya faru a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Dapaong ne ya sa ni wannan rubutu, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Wajen ƙarfe biyun dare wani bawan Allah ya zo a babur, matarsa na baya rungume da ɗansu da zazzaɓi ya sumar. Ya danna interfon ɗin ƙofa. Ƙararrawa ta kaɗa a ciki, malamar jinya ta ɗaga ta ce, "Wane ne?" Shi ya ji ta sarai. Ya yi bayani, ya ɗaga murya, ya haɗa ta da Allah. Ita ba abin da take ji sai shuuu. Ya sake dannawa, ta sake ɗagawa, shiru.

Kowa ya san halin da yankin Savanes yake ciki. Tun Yunin 2022 aka kafa dokar ta-ɓaci saboda 'yan bindigar da ke ƙetarowa daga Burkina Faso. Wa zai buɗe ƙofa da tsakar dare ga wanda ake tambaya ya ƙi magana? Ban ga laifinta ba. Haka mutumin ya juya da yaron zuwa babban asibitin garin, Allah ya sa da sauran kwana.

Mai asibitin a Lome yake zaune. Da ya kira ni in je in duba interfon ɗin, cewa ya yi, "Malam, kullum ina dubawa a wayata, kore yake nunawa." Na ce, "Alhaji, koren nan cewa yake akwai wuta, akwai rezo. Bai ce ana ji ba."

Na taso daga Sokode, ta Kara da Mango, kusan kilomita 300. Ina haska fuskar na'urar na ga ta'asar: an cika ramin makirfo da silikon, wai kada ruwan damina ya shiga. Ga shi nan ya daskare, ƙurar hunturu ta bi ta rufe shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, na'urar tana da gwajin sauti nata, irin wanda lasifika ke fitar da ƙara, makirfo ya kama, a gwada da ma'aunin ranar da aka kafa ta. Tun ranar da aka liƙa silikon take aika gargaɗi. Da Alhaji ya koka cewa saƙo ya dame shi, sai wani gwanin nasa ya shiga ya kashe gwajin. Wanda jiya yake liƙa gilashin waya a bakin kasuwa, yau shi ne injiniya!

Ku ma masu gidaje a Didaure da Komah da Zongo na Sokode ku ji. Gwaji daga nesa yana da amfani, ni ma da shi nake aiki, amma iyakarsa ke nan: na'ura tana jin ƙarar kanta daga tazarar ɗan yatsa. Muryar tsohuwa ga babur yana ruri a gefe, wannan sai an tsayar da mutum a ƙofa ya yi magana, ku amsa, kowa ya ji kowa. Ranar da kuka sauya SIM ko akwatin intanet, ku sake gwadawa, domin kira yakan shiga lafiya, murya kuwa ta tafi gefe ɗaya kawai. Bayan tsawa ma haka. Zanzaro yana gina ɗaki a ramin makirfo. Masu fenti suna shafe shi. Kada a tsokane shi da allura, ana huda fatar makirfo ne. Kuma don Allah a bar silikon. Ruwa rumfa ake yi masa daga sama. A bar silikon!

Wasu kuma sai a ce su aiki yaro ƙofa na minti ɗaya, su ce ba lokaci, amma ranar da abu ya ɓaci su ne masu kira da asuba.

Kore ba ji ba ne. Gargaɗin da ya dame ka, gyara yake nema, ba kashewa ba. Asibiti da kantin maganin da ke kwana a buɗe su gwada da muryar mutum kowace yamma kafin a kulle ƙofa. Wanda ba zai iya ba, ya cire interfon ɗin ya zaunar da maigadi.