Yadda Ake Koyon Ƙirar Wasan Bidiyo Daga Nesa a Gabashin Sakkwato

Karatu daga nesa shi ne ɗalibi ya riƙa ɗaukar darasi ta intanet ba tare da ya zauna gaban malami ba, kuma ta wannan hanya ɗan Wurno ko Rabah ko Goronyo zai iya koyon ƙirar wasan bidiyo, wato tsara dokokin wasa da labarinsa da zanensa, tare da nazarin al'adar da ke cikinsa.

Mataki na ɗaya: zaɓen kwas. Dandalin Coursera, wanda aka kafa a 2012, yana ɗauke da darussan wannan fanni daga Jami'ar Jihar Michigan da makarantar fasaha ta CalArts, dukansu a Amurka, kuma wanda ba shi da halin biya yana iya neman tallafi. A gida kuwa, kamfanin Maliyo Games na Legas ya fara horon GameUp Africa ta intanet a 2021. Da yake da Turanci ake koyarwa, ya kamata ɗalibi ya kunna rubutun da ke bin maganar malami a ƙasan bidiyo.

Mataki na biyu: tanadi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk lokacin da sabis ya yi ƙarfi sai a sauke darussan mako gaba ɗaya a ajiye a waya, musamman ganin cewa an taɓa katse layukan sadarwa a Rabah da Goronyo a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro. Haka nan a tanadi wurin caji mai sola, a kuma ware sa'a guda kullum wadda ba ta ci karo da aikin fadama ko cin kasuwa ba.

Mataki na uku: injin wasa. Wannan manhaja ce da ake harhaɗa zane da sauti da motsi a cikinta. GDevelop ba ta buƙatar rubuta umarnin kwamfuta, Godot kyauta ce kuma ba ta da nauyi, dukansu suna aiki a wayar Android, amma Unity sai da kwamfuta mai ƙarfi.

Mataki na huɗu: gwaji da wasan gida. Nan ne ainihin koyon yake, domin kafin a taɓa manhaja ana so ɗalibi ya feɗe wasan da ya sani. Dara ta dace da wannan aiki: gidaje 30 a ƙasa, 'ya'ya 12 ga kowane ɓangare, wanda kuma ya jera uku sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Ɗalibi zai rubuta waɗannan dokoki a takarda, ya canza guda ɗaya, misali ya rage gidajen, sannan ya kai wa gwanayen dara na unguwa su buga, shi kuma ya lura da inda wasan ya yi armashi da inda ya lalace. Abin da ya tsaya bayan gyara shi ake shigarwa cikin injin.

Mataki na biyar: miƙa aiki. A kwasa-kwasai da yawa ɗalibai ne ke duba aikin junansu, saboda haka a haɗa wasan da gajeren bayani kan asalinsa domin baƙon da bai san dara ba. Bayan kammalawa ana iya ɗora shi kyauta a shafin itch.io, inda masu ɗaukar aiki za su buga shi da hannunsu, abin da takardar shaida ita kaɗai ba ta bayarwa.