Idan Ƙarami Ya Ce A Fasa

'Ya'yana, ku matso in ba ku labarin wata safiya a ƙasar Amurka. Akwai abin da nake so ku tsinta a cikinsa, ku da kuke shirin kama aiki a ƙarƙashin manya, kuma wata rana, in Allah ya ja kwana, ku ne za ku zama manyan.

Ranar Asabar ce, 4 ga Fabrairun 2023, wajen ƙarfe bakwai saura ashirin na safe, a filin jirgin saman birnin Austin da ke jihar Texas. Gari bai gama wayewa ba, hazo mai kauri ya kwanta a filin, ga sanyi irin mai daskarar da ruwa. Ma'aikacin da ke saman hasumiya, wanda shi ke ba jirage izinin tashi da sauka, ba ya hango titin da yake ba da umarni a kansa. Filin kuma a lokacin ba shi da na'urar da ke nuna wa hasumiya inda kowane jirgi yake a ƙasa. Da kunne yake aiki, sai kuma lissafin zuci.

Wani jirgin dakon kaya na kamfanin FedEx, ƙirar Boeing 767, ya taso daga Memphis da mutum uku a ciki, har an ba shi izinin sauka. Saboda hazon, matuƙansa sun damƙa saukar ga na'ura: jirgin ne zai bi siginar filin ya sauke kansa, su kuwa suna tsaye a kansa da ido da hannu. Saura kamar mil uku ya iso, sai ma'aikacin hasumiya ya ba wani jirgin fasinja na kamfanin Southwest izinin hawa wannan titin ya tashi. Boeing 737 ne, ɗauke da mutum 128, za shi Cancun ta ƙasar Meksiko. Mil uku ga jirgin da ke gangarowa, minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙoƙi.

Kada ku yi saurin zagin mutumin hasumiya. Ya saba ganin jiragen wannan kamfani suna hawa titi su wuce ba ɓata lokaci, sai ya ɗauka yau ma haka za a yi. Amma ranar sanyi irin wannan, akwai buƙatar matuƙa su ɗan tsaya su ba injuna wuta domin kakkaɓe ƙanƙarar da ka iya maƙalewa a cikinsu. Jirgin Southwest ya hau titi, ya tsaya cak kimanin daƙiƙa 19 yana wannan aiki, kuma babu wanda ya gaya wa hasumiya cewa za a tsaya.

Matuƙan FedEx suna jin komai a rediyo, domin tasha ɗaya kowa ke magana a kai. Hankalinsu bai kwanta ba. Suka sake tambayar hasumiya ko izinin saukarsu na nan daram. Aka ce musu yana nan, akwai dai jirgin da zai tashi kafin su iso. Suka ci gaba da gangarowa cikin farin hazo, ba sa ganin ƙasa, ba sa ganin sama.

Wani zai ce, ai manyan jirage suna da na'urar da ke hana su karo. Gaskiya ne. Na'urar takan yi magana da 'yar'uwarta da ke ɗaya jirgin, ta ce wa wannan ya hau, ta ce wa wancan ya sauka, kuma ta ceci rayuka masu yawa. Sai dai an tsara ta ne ta daina ba da irin wannan umarni idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa dubu, domin ba a cewa jirgin da ya kusa ƙasa ya ƙara nitsewa. A daidai wurin da jirage suka fi cunkushewa, wato bakin fili, abin da ya rage shi ne idon mutum, da kunnensa, da bakinsa.

Saura kamar ƙafa 150 su taɓa ƙasa, mataimakin matuƙi, wanda ke kujerar dama, ya ɗaga ido ya duba waje. Ya hango wata fitila a inda bai kamata fitila ta kasance ba, sannan ya ga inuwar jirgi. Nan take ya ɗaga murya ya ce a fasa sauka. Kyaftin bai tambaye shi me ya gani ba, bai ce bari in duba da kaina ba. Ya ba jirgi wuta, hanci ya koma sama. Daga jirgin nasu aka yi kira a rediyo cewa Southwest ya dakata, su sun fasa sauka. Shi kuwa Southwest ya riga ya ɗauki gudu, ya ci gaba har ya ɗaga. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wadda ta kammala aikinta a kan lamarin a 2024, ta ƙiyasta cewa tazarar da ta rage tsakanin jiragen biyu ƙafa 150 zuwa 170 ce. Ba ta kai tsawon jirgin FedEx ɗin kansa ba. Na FedEx ɗin ya kewayo ya sauka lafiya, fasinjojin Cancun suka isa inda za su, mutum 131 suka koma ga iyalansu.

Kowa zai yaba wa idon wannan mataimaki, kuma ya cancanci yabo. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin ganinsa da faɗarsa, da wanda ke tsakanin faɗarsa da aikatawar kyaftin. Kusan babu. Da ya ɗan yi jim yana tunanin ko idonsa ne ke masa gizo, da ya tsaya neman lafazin da ba zai ɓata wa babba rai ba, da yanzu wani labarin nake ba ku, mai ɗaci.

An taɓa yin mai ɗacin. Ranar 27 ga Maris ɗin 1977, wani bam ya tashi a filin jirgin tsibirin Gran Canaria na ƙasar Sifen, aka karkatar da jirage zuwa ƙaramin filin Los Rodeos a tsibirin Tenerife, filin ya cika maƙil. Can ma hazo ya sauko, can ma hasumiya ba ta ganin titi, ba ta kuma da na'urar ganin ƙasa. Manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suna kan titi ɗaya. Kyaftin ɗin KLM ba ƙaramin mutum ba ne a kamfaninsa, shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi. Ya gaji da jira, yana kuma fargabar kada lokacin aikin da doka ta yarje musu ya ƙare. Ya fara gudun tashi alhali ba a ba shi izinin tashi ba. Injiniyan jirgin, wanda ke zaune a bayansu, ya ji wata magana a rediyo da ta sa shi shakka, sai ya yi tambaya ko jirgin Pan Am ya fice daga titi. Kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya fice. Injiniya bai ƙara magana ba. Mutum 583 suka rasu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai wannan cin rai ba.

Injiniyan nan ya hango gaskiya. Amma ya naɗe ta cikin tambaya mai laushi, ya miƙa wa mutumin da zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci. Tambaya kuwa ana iya amsa ta da "e" a wuce. Shekara arba'in da shida ke tsakanin Tenerife da Austin, kuma a cikin waɗannan shekaru masu harkar jiragen sama sun zauna sun koya wa kansu wani abu da gangan. Tun farkon shekarun 1980 kamfanoni suka fara horar da matuƙa yadda za su yi aiki tare a ɗakin tuƙi: yadda ƙarami zai faɗi abin da ya gani a fili, da yadda babba zai saurara. A kamfanoni da yawa yau ƙa'idar ita ce duk wanda ya ce a fasa sauka daga cikin matuƙan biyu, to an fasa, bayani sai an koma sama. Ba jarumtar mutum ɗaya kawai kuka gani a Austin ba, tarbiyya ce da aka biya kuɗinta da rayukan bayin Allah.

Yanzu bari in juyo kanku. An raine ku a kan girmama na gaba, ba a kallon tsabar idon babba, ba a katse shi. Ni ma a haka aka raine ni, kuma ba na so ku yar da wannan ko kaɗan. Gidan da babu shi ba ya da daɗin zama. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za ku ga ɓarna tana tahowa, sai kunya ta riƙe muku harshe, ku yi zaton ladabi kuka yi. Ku dubi yaron mota da ke bayan tirela direba na ja da baya: in ya ga yaro ya gifta, ba ya tsayawa gaisuwa, dukan bodi yake yi da dukan ƙarfinsa, kuma babu direban kirki da zai kira wannan rashin kunya. Ke da za ki zama ma'aikaciyar jinya, wata rana za ki ga adadin maganin da likita ya rubuta ya yi wa jariri yawa. Kai da za ka tsaya a wurin gini, za ka ga ana shirin zuba kankare a kan rodin da bai kai ba. A irin wannan lokaci ku faɗi abin da kuka gani, da sunansa, ku kuma faɗi abin da ya kamata a yi: "Ranka ya daɗe, a dakata, ga abin da na gani." Girmamawar tana nan a cikin "ranka ya daɗe". Kada ku bari ta cinye "a dakata". In ba a ji ba, ku maimaita, ku ƙara murya.

Akwai wani shirun kuma a labarin Austin, wanda ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ne ya fi yawa a tsakanin matasa. Hukumar binciken ta ɗora tushen lamarin a kan zaton da ma'aikacin hasumiya ya yi, amma ta ambaci matuƙan Southwest su ma: an gaya musu akwai jirgi a mil uku, sun san suna buƙatar ɗan lokaci a kan titi, ba su faɗa ba. Aikin da suka tsaya yi daidai ne. Rashin sanarwar ne ya bar wani yana lissafi da abin da ba haka yake ba. Sau nawa ake tambayarku ko kun shirya, ku ce kun shirya, don kada a ce kun cika nawa? Wanda ya tambaye ku zai gina nasa shirin a kan amsarku, wani kuma ya gina a kan nasa. "Ban shirya ba tukuna, a ba ni minti biyu" magana ce mai nauyi a baki, na sani, musamman in ana kallonku. Ku koyi faɗarta tun yanzu a kan ƙananan abubuwa, domin bakinku ya saba.

Mutumin hasumiya kuwa, ku tausaya masa, ku kuma ji tsoron abin da ya same shi, don yana iya samun kowa. Ba mugunta ya yi ba, sabo ne ya ja shi. Abin da ya faru sau ɗari ya tsaya masa a madadin abin da idonsa ba ya gani. Duk ranar da yanayi ya canza, ranar da ba kwa ganin abin da kuka saba gani, ku ƙara tazara, ku rage sauri, ku tambaya. Da ya bar jirgin fasinjan ya jira har na kayan ya sauka, asarar ba za ta wuce ta 'yan mintoci ba. Hukumomi ma sun gane bai kamata a bar mutum da zato kawai ba. A 2024 aka sa wa hasumiyar Austin na'urar da ke nuna motsin jirage a ƙasa. Waɗanda daga cikinku ke burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Zariya, ko a matsayin matuƙa ko masu kula da zirga-zirga, za ku yi aiki a ƙarƙashin hazon hunturu, wanda yakan tsayar da jirage a Kano da Maiduguri. Na Austin na laima ne, namu na ƙura, amma duk biyun rufe ido suke yi.

Sauran maganata ta ranar da za ku girma ce. Sauka ita ce abin da kowa a jirgi yake jira: fasinja ya ƙosa, mai yana ƙonewa, ga titi nan gab da ƙafa. Barin abin da aka kusa kammalawa yana da zafi, ya fi zafi kuma idan wanda bai kai ka ba ne ya ce ka bari. Kyaftin ɗin FedEx ya haɗiye wannan cikin ƙiftawar ido, kuma a wurina rabonsa na yabo bai gaza na mataimakinsa ba. Wata rana wani yaro a ƙarƙashinku zai tsayar da aiki, a duba, a tarar babu komai, idonsa ne ya yaudare shi. An yi asarar lokaci, wataƙila har da kuɗi, kowa ya zuba muku ido ya ga abin da za ku yi masa. Sauran yaran ma suna kallo, kuma daga fuskarku za su yanke shawarar ko su ma za su buɗe baki gobe. Ku kira shi a gabansu ku ce masa ya kyauta. In akwai gyara a yadda ya duba, ku ja shi gefe daga baya ku nuna masa, ku biyu kawai.